Fim ɗin girman yara ba ma'auni ba ne

Uwa za ta kalli fim ɗin da ke koyar da yadda yara ke girma, ta ga jaririn cikin fim ɗin ya fara tafiya yana da wata 12, sai hankalinta ya tashi don nata ɗan ko tsayuwa bai fara ba. Ana ɗaukar abin da fim ya nuna kamar wa'adin da dole kowane yaro ya cika. Ba haka ba ne.

Masu shirya fim yaro ɗaya ko biyu suke zaɓa, su ɗauki hoto na sa'o'i, su tace su bar 'yan mintuna. Misali ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi diddigin yara masu ƙoshin lafiya a Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka, ta fitar da sakamako a 2006: wasu sun taka tun suna wata 8, wasu sai dab da wata 18. Wasu ma ko rarrafe ba su yi ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne a riƙa tilasta wa yaro tsayuwa saboda fim. Amma in ya wuce wata 18 bai taka ba, ko ya daina abin da ya riga ya iya, a kai shi asibiti.