Gwaggo ba mutuwa take so ba

Tun da majalisar dokokin Faransa ta kaɗa ƙuri'a a watan Mayun 2025, mutum 305 suka yarda 199 suka ƙi, a kan a bar marar lafiyar da likitoci suka fid da rai da shi ya sha maganin da zai ƙarasa shi, maganar ta iso har fadojin shayi na Damagaram. Holand da Beljiyam tun 2002 suke yi, Kanada ta bi sahu a 2016. A fadarmu ta unguwar Zengu kowa cewa yake a'uzubillahi, Turawa sun gama lalacewa.

Ni ma ban yarda da dokar ba, ko kusa. Rai na Allah ne, aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana mu kashe kanmu. Amma tsinuwar nan ta cika yi mana sauƙi a baki, mu da ba mu taɓa kwana kusa da mai nishi ba.

Na yi jinyar gwaggota wata bakwai, sankarar mama. Kafin a gane ciwon ta riga ta sha rubutu, ta sha saiwa, an yi hayaƙi. Aka ce sai Yamai, kusan kilomita 900, don can ne injin gashin sankara yake, shi ma sai a 2021 ya fara aiki. Muka sayar da tumaki da gonar gado, muka je. Bayan sati uku likita ya kira ni gefe ya ce: “Ku kai ta gida, ku ci gaba da addu'a.” Duk wanda ya taɓa jinya ya san fassarar wannan magana.

Muka dawo da ita gida unguwar Birni da takardar magani wadda ba ta fi ƙarfin ciwon kai ba. Dare ya raba, matar da ta haifi tara ba a ji kukanta ba, sai ta kama hannuna: “Ɗan nan, roƙa mini Allah ya ɗauke ni.” Masu zuwa dubiya su ce ta yi haƙuri, kankarar zunubi ce. Gaskiya ne, amma su gida suke komawa su yi barci.

Wani ma'aikacin asibiti, Allah ya saka masa, shi ya yi ta fafutuka har aka rubuta mata morfin, maganin rage raɗaɗi mai ƙarfi. Ni da kaina na ji tsoro, don ana cewa mai sa maye ne, wasu ma su ce allurar sallama ce. Na tambayi malamin unguwarmu, ya ce rage wa bawa raɗaɗi ba kisa ba ne, haka ma barin maganin da likitoci suka tabbatar ba ya da sauran amfani.

Abin da ke ci mini rai ke nan. Maganin nan ba shi da tsada kamar na gashi, an daɗe da sanin sa, amma samun sa ya zama sai da hanya. To wanda ke kwance a ƙauyen Tanut ko Magarya, wa zai yi masa fafutuka? Ina so limamanmu da suka yi huɗuba a kan dokar Faransa su yi wata a kan wannan, ƴan kasuwarmu masu gina masallatai su tambayi asibiti me ake buƙata a ɗakin waɗanda aka sallama.

Daga ranar da ta fara shan maganin, Gwaggo ba ta sake roƙon mutuwa ba. Ta yi barci, ta farka ta ce a dama mata fura. Ta kira jikokinta ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi bashin da ake bin ta, jikka goma sha biyu wajen mai gero, aka biya a gabanta. Kwana 23 ta ƙara. Ana jibi za ta cika, ita ta tashe ni sallar asuba.