Wai Japanawa daga Kano suka tashi?

Shekaranjiya da daddare muna zaune a teburin mai shayi wani abokina ya miƙo min wayarsa yana ta murmushi kamar wanda ya tsinci kuɗi, wai in karanta. Dogon saƙo ne irin wanda ake ta turawa, wai an gano Japanawa asalinsu 'yan Najeriya ne, hujjar kuwa ita ce wanda ya ƙirƙiro wasan judo sunansa Kano, tsohon sunan birnin Tokiyo kuma Edo. Na ce masa Malam Allah Ya ba ka haƙuri, wannan ba hujja ba ce. Ya ce to ni da na san hujja in kawo tawa. Shayina har ya huce ban gama ba, shi ya sa na ce bari in zo nan in baje ta gaba ɗaya, mai lokaci ya karanta.

Maganar suna dai ba ta da wuya. Harshensu da namu duk wasali biyar ne, a e i o u, kuma duk muna son baƙi ya zo wasali ya bi shi, ka-no, ku-ra, sa-ke. In gaɓoɓin kaɗan ne dole a yi ta karo. Kura a wajensu rumbun ajiya ce, a wajenmu kowa ya san ta. Kasa a wajensu laima ce. Sake giyar shinkafa. Edo ma'anarsa bakin ruwa inda kogi ke shiga teku, ba ruwansa da Benin. Kanonmu kuma labarin da muka gada shi ne sunan wani maƙeri ne da ya zo daga Gaya neman tama a gindin Dala. In da kamannin suna na haɗa jini da tuni mun je Tokiyo rabon gado.

Ni abin da ya fi ba ni haushi da irin wannan saƙo, labarin gaskiyan ya fi shi daɗi nesa ba kusa ba.

Mutane sun shiga tsibiran Japan wajen shekara 38,000 da suka wuce, lokacin da duniya ke cikin tsananin sanyi, ruwa da yawa ya daskare ya zama ƙanƙara, teku ta ja baya, har akwai lokacin da ta sauka da kusan mita 120. A wancan zamanin Hokkaido ta arewa a manne take da Sakhalin, ita kuma a manne da babban yankin da yake Rasha a yau, mutum zai iya takowa da ƙafa yana bin namun daji. Wasu ta wajen Koriya suka ƙetaro. Amma waɗanda suka tsaya min a rai su ne na kudu, na tsibiran Okinawa, don su babu wata ƙasa da ta haɗa su da ko'ina, ruwa ne zalla, ga wani igiyar ruwa mai ƙarfin tsiya da suke kira Kuroshio ya ratsa tsakani, amma ga ƙasusuwan mutane a tsibirin Ishigaki da suka kai shekara 27,000. Ta yaya suka je?

Tsakanin 2016 da 2019 wasu masu bincike ƙarƙashin Yosuke Kaifu suka ce bari su gwada da jikinsu. Da farko sun gwada jirgin ciyawa, ya ƙi. Suka gwada na gora, shi ma ya ƙi. Sai suka sare ƙatuwar bishiya da gatarin dutse irin na mutanen da, suka fafe ta ta zama kwalekwale, mutum biyar suka shiga, maza huɗu da mace ɗaya, ba taswira ba agogo ba na'ura, daga Taiwan suka nufi tsibirin Yonaguni wanda ko hango shi ba a yi daga inda suka tashi. Awa 45 suna tuƙi, kilomita sama da 200, suna duba rana da taurari. Suka isa. Ka zauna ka yi tunanin daren farko a cikin wannan kwalekwale, duhu, ruwa na watso maka a fuska, hannu ya yi kanta, ba ka san ko akwai ƙasa a gabanka ba. Kakannin wasu sun yi haka da matansu, tunda ai ba a kafa zuriya da maza zalla. Nan na tuna da namu kwalekwalen na Dufuna a Yobe da aka gano a 1987, mai shekara wajen 8,000, wanda yawancinmu ko labarinsa ba mu taɓa ji ba, muna can muna neman dangi a Japan.

Da sanyi ya ja baya teku ta taso ta rufe hanyoyin, waɗanda ke ciki suka zauna su kaɗai dubban shekaru. Su ake kira Jomon. Sunan ma ba su suka sa wa kansu ba. Wani Ba'amurke ne, Edward Morse, a 1877 yana cikin jirgin ƙasa daga Yokohama zuwa Tokiyo ya hango ta taga wani tsohon juji na ɓawon ƙumba a Omori, ya dawo ya tona, ya samu fasassun tukwane masu zanen igiya, wato a murza igiya a danna ta a jikin ɗanyen yumɓu. Jomon kenan, zanen igiya. Tukwanensu na cikin mafi tsufa a duniya, na Odai Yamamoto a Aomori sun kai wajen shekara 16,000. Kuma abin da ya rikita masana, mutanen nan ba manoma ba ne irin yadda muka san noma, farauta ce da kamun kifi da tsintar 'ya'yan itatuwa, amma kuma sun zauna wuri ɗaya sun yi gari. A Sannai Maruyama an zauna fiye da shekara 1,500, an samu ramukan wasu ginshiƙai guda shida na itace, kowanne faɗinsa kusan mita ɗaya. UNESCO ta sa wurare 17 na Jomon cikin kayan tarihin duniya a 2021.

A 2019 aka karanta ƙwayoyin halittar wata mata 'yar Jomon daga haƙorinta, an tono ta a tsibirin Rebun can ƙarshen arewa, ta rasu wajen shekara 3,800 da suka wuce. Aka gano jikinta na iya sarrafa abinci mai maiƙo sosai irin na mutanen ƙasashen ƙanƙara, kuma, kar ku yi dariya, dattin kunnenta mai danshi ne. Mu nan kowa nasa mai danshi ne shi ya sa ba ma lura, amma yawancin Japanawan yau da Koriyawa da mutanen arewacin Sin nasu busasshe ne yana marmashewa kamar dusa. Ko daga kunne ka san wasu sun shigo daga baya.

Su ne manoman shinkafa. Wajen shekara 2,900 zuwa 3,000 da suka wuce suka fara sauka a arewacin tsibirin Kyushu daga zirin Koriya, da irin shinkafarsu da sanin yadda ake tare ruwa a fadama, daga baya tagulla da ƙarfe suka biyo. Ana kiran zamanin Yayoi, sunan wata unguwa ce a Tokiyo inda aka fara tsintar tukunyarsu a 1884. Ƙasusuwansu sun nuna sun ɗan fi Jomon tsayi, fuskarsu ta fi tsawo. Ba sai sun zo da runduna ba, mai rumbu ya fi mafarauci yawan 'ya'ya, shekara ɗari biyu ɗari uku sai ka ga sun cika wuri, ga auratayya. Mafi yawan masana harshe na ganin harshen Japananci ma tare da su ya shigo. Shinkafar kuma ba ita kaɗai ta zo ba, rigimar gona da ruwa ta biyo ta. A Yoshinogari da ke Saga gari ne guda an kewaye shi da rami da shinge, a maƙabartarsa an samu gawar da aka binne cikin tulu babu kai.

Shekaru da yawa abin da ake koyarwa kenan, tushe biyu, Jomon da Yayoi, kamar yadda Kazuro Hanihara ya tsara shi a 1991. Sai a 2021 masu bincike daga Dublin da Kanazawa suka karanta tsofaffin gawawwaki 12 suka ce a'a, akwai na uku, kuma shi ne ma babba: mutanen da suka yi ta kwararowa daga gabashin Asiya a zamanin Kofun, ƙarni na 3 zuwa na 7, zamanin manyan kaburburan sarakuna, lokacin da rubutu da dawaki da masaƙa da maƙera ke shigowa ta Koriya. A lissafinsu wannan kashin ya kai kusan 70 cikin 100, Jomon bai wuce 13 ba. Ana ta muhawara a kan ko zuwa biyu ne daban ko kwarara ɗaya ce doguwa, amma babu mai musun cewa kaso mafi girma na jinin Bajapanen Tokiyo daga ƙetaren ruwa ya zo, kuma ba da daɗewa can ba. Jinin Jomon ya fi yawa a gefe biyu, Okinawa a kudu da kuma ƙabilar Ainu ta Hokkaido, inda shinkafa ta makara ko ba ta kai ba.

Don adalci ga abokina, akwai zare ɗaya da ya taɓo mu. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mazan Japan suna ɗauke da wani layin gado na uba da ake kira D, gadon Jomon ne, ana samunsa kuma a Tibet da tsibiran Andaman, kuma ɗan uwan layin E ne wanda ya cika Afirka. A 2019 ma an ba da rahoton wasu maza uku 'yan Najeriya masu wani tsohon reshe na D ɗin. Amma rabuwar ta haura shekara 60,000. Wannan zumuncin 'ya'yan Adam ne, lokacin babu Kano babu Hausa babu Japan.

Su ma fa Japanawan suna da irin ciwon abokina, nasu dai ta wata fuska ne. Littattafansu na farko, Kojiki na 712 da Nihon Shoki na 720, sun ce sarakunansu jikokin allahiyar rana Amaterasu ne, sarki na farko Jimmu ya hau mulki shekara 660 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), har yau 11 ga Fabrairu hutu ne saboda haka. Ban raina wannan ba, mu ma muna da Bayajidda da rijiyar Kusugu, irin labarin nan aikinsa daban. Matsalar ita ce lokacin da ɗan siyasa ya ɗauke shi ya ce mu jini ɗaya ne tsantsa. Firaminista Nakasone ya faɗi haka a 1986, mataimakin firaminista Taro Aso ya maimaita a 2020 har sai da ya nemi afuwa. Alhali Ainu na nan, waɗanda suka fi kowa kusa da mutanen farko, an ƙwace musu ƙasa da kamun kifi, harshensu ya kusa mutuwa, dokar 1899 da ke kiransu tsofaffin 'yan ƙasa ba a soke ta ba sai 1997, kuma sai 2019 doka ta amince su 'yan asalin wurin ne. Mai gida ya zama baƙo a gidansa.

Son a ce mun fi kowa daɗewa ma ya taɓa kunyata su. Akwai wani Shinichi Fujimura, duk inda ya tona sai ya fito da kayan dutse, yau shekara 200,000 gobe 500,000, har ana masa kirari da mai hannun ubangiji, aka sa abin a littattafan makaranta. A Nuwamba 2000 jaridar Mainichi ta buga hotunansa da sassafe yana binne duwatsun da hannunsa a Kamitakamori. Shekara kusan 20 ana tafa masa don yana faɗin abin da ake son ji. Shi ya sa ni duk labarin asali da ya yi min daɗi da yawa sai na ƙara dubawa.

Wanda ya burge ni a cikinsu shi ne tsohon sarkinsu Akihito. A Disamba 2001, gaban 'yan jarida, ya ce shi yana jin zumunci da Koriya tunda tarihin Japan ya rubuta cewa mahaifiyar Sarki Kanmu, ɗaya daga cikin kakanninsa, daga zuriyar Sarki Muryeong na Baekje take, wata tsohuwar masarauta a Koriya. Koriya ta ɗauki maganar da zafinta, yawancin jaridun Japan suka bi ta gefenta. Kuma har yau manyan kaburburan nan da ake dangantawa da gidan sarauta a kulle suke, hukumar fada ba ta yarda a tona. Na Daisen a Sakai tsawonsa mita 486, daga sama siffarsa kamar ramin mukulli, a 2018 aka ɗan bari aka tona gefen ganuwarsa, tudun kansa kuwa, da ruwa ya kewaye, a lokacin ko masu bincike sai dai su tsaya bakin ruwa su hango.