Ashe su ma maganin itace suke sha, kwali ne kawai ya raba mu

Satin da ya wuce wata abokiyar aikina ta yi mani dariyar da har yau take ci mani rai. Gidan kula da tsofaffi nake aiki a nan Hamburg ta ƙasar Jamus, awa 8 a tsaye, to tun haihuwata ta biyu jijiyoyin bayan gwiwata suka taso a murɗe kamar tana, in yamma ta yi ƙafar ta yi nauyi kamar an ɗaura mata turmi. Ina cikin mita na ce da a Daura nake da tuni Inna ta haɗa mani jiƙo. Sai matar nan ta kwashe da dariya, wai mu 'yan Afirka komai sai saiwa.

Washegari na shiga kemis ɗinsu, Apotheke suke ce mashi. Mai maganin da farar rigarta ta tsare ni da tambaya, ina da ciki? Ina shan maganin tsinka jini? Ƙodata lafiya? Sannan ta miƙo kwali, ciki da wata takarda doguwa kamar rawani. Ina karantawa, ashe 'ya'yan itace ne! Rosskastanie, itacen nan da ya cika titunan garin. Daga Satumba zuwa Oktoba 'ya'yan ke zubowa cikin koren ɓawo mai ƙaya, in ya fashe sai ka ga ƙwallo mai sheƙi sak jan goro, yara su yi ta tsinta suna soka tsinken ashana suna yin doki da shi. Ɗanyenshi guba ne, sai an tace an auna sinadarin aescin, miligiram 50 a ƙwaya, safe da yamma.

Mai maganin ta kuma faɗa mani gaskiya, nan kam na sara mata. Wai cikin jijiya akwai 'yan ƙofofi masu hana jini gangarowa ƙasa, in suka saki sai jinin ya taru, kuma ba ƙwayar da za ta gyara su. Za ta rage kumburi da nauyi, iyakarta ke nan, sauran sai safa mai matsewa da ɗaga ƙafa, ko likita ya toshe jijiyar. Mai lasifikar kasuwa kun san shi, kwalba ɗaya basir da sanyi da shawara, lambar NAFDAC ko oho.

Amma fisabilillahi dariyar ta mece ce? Su sun auna nasu sun sa a kwali sai ya zama ilimi, namu yana bakin tsofaffi suna tafiya da shi kabari sai ya zama jahilci? Itace dai itace ne.

Abin da ya hana ni barci ma ba wannan ba ne. Inna ta haifi 9, ga daka ga surfe ga tsayuwa gaban murhu, ƙafarta ta fi tawa jijiyoyi nesa ba kusa ba, kuma tunda nake ban taɓa tambayarta ko tana ciwo ba. Kuɗi kawai nake turawa in ce na yi zumunci.

Safar sai an auna ƙafa da safe kafin ta kumbura, shi ne na kira ƙanwata na ce ta aro tef wajen tela ta auno mani idon sahun Inna da ƙwaurinta. Ina jiyo muryar Inna daga tsakar gida, wai a ce mani wa zai sa safa a zafin Daura, in dai ƙafarta ta dame ni in zo da kaina in matsa mata.