Murnar gudun lissafi za ta ci injiniyoyin Sakkwato

Tun da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar a watan Oktoban 2025 cewa ɗaliban fannin adabi ba sai da kiredit a lissafi za su shiga jami'a ba, ake ta shewa a Facebook da majalisun hira. Daga baya ma'aikatar ta dawo ta ce kowa zai ci gaba da zana lissafi a WAEC da NECO, amma aikin gama ya gama. Abin da yaron aji uku na ƙaramar sakandare ya ji shi ne, akwai hanyar jami'a da ba ta ratsa lissafi ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, har da iyaye da malamai a cikin masu murnar.

Masu cewa ai mai karatun Larabci ko tarihi ba ruwansa da wannan wahala su je da hujjarsu. Ni damuwata yaran da Allah ya hore wa kan injiniyanci, waɗanda yanzu aka ƙara wa dalilin tserewa.

A ƙasar nan, makomar injiniya ana yanke ta ne ranar da aka raba yara zuwa ajin kimiyya, na adabi da na kasuwanci, a shekarar farko ta babbar sakandare, yaro yana ɗan shekara 14 ko 15. JAMB ba ta ɓoye sharaɗinta na karatun injiniya ba: Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri. Jami'a kuma tana son kiredit biyar da suka haɗa da waɗannan huɗu. Wanda ya ajiye fiziks a wannan rana, shekara uku ke nan ya rufe wa kansa ƙofa, kuma kafin ya farga sai dai ya koma jarrabawar waje, ya haddace gwajin da bai taɓa yi da hannunsa ba. To wa ke zaune da yaron nan lokacin da yake wannan zaɓi? Sau tari babu kowa. Ya duba inda abokinsa ya nufa ya bi. Ko kuma wani babba ya ce masa lissafi sai masu baiwa, ya yarda. Idan yarinya ce, ba a ma tsaya tambayarta ba.

Wannan magana ta cewa lissafi ya fi ƙarfin yaranmu ita ce ƙaryar da na fi tsana. A garin nan ne almajiri ke zama a zaure gaban malami yana raba gado, yana fitar da sulusi da sudusi da sumuni, yana warware mas'alar da rabo ya zarce asali ba tare da ya zalunci magaji ko ɗaya ba. Wannan hisabi ne tsantsa. Kan da ya ɗauki wannan zai ɗauki aljebra, in ya samu mai koya masa da haƙuri. Malami ne ya yi ƙaranci, sai muka ɗora laifin a kan ƙwaƙwalwar yara don mu huta.

Ko a ajin kimiyyar ma ba a tsira ba. Kusan kowane uba likita yake so, ko nas, ko mai haɗa magani, don haka bayoloji ne sarki. Darasin lissafi mai zurfi da na zanen fasaha kuwa an mayar da su 'yan bora, wai tunda JAMB ba ta tambayarsu, me zai sa yaro ya jibga wa kansa kaya. Wannan tunanin mai neman tsallake shinge ne kawai, wanda bai damu da abin da ke bayansa ba. Karatun injiniya shekara biyar ne, kuma tun a shekarar farko, a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko wata, ɗalibi zai yi karo da kalkulas, wato lissafin yadda abu ke sauyawa, da lissafin ƙarfi da motsi. Wanda ya yi lissafi mai zurfi a sakandare ya taɓa haɗuwa da su. Wanda bai yi ba yana fara su ne a babban ɗakin lacca cike da jama'a, malami na gudu. Haka zanen fasaha: injiniyan da bai iya karanta zanen gini ko na inji ba, da me zai yi wa magini bayani?

Wasu sun ce sabuwar manhajar 2025 ta kawo sana'ar haɗa sola da gyaran waya, don haka an huta. Sana'a abin alfahari ce, amma ɗaura faranti a kan rufi daban, lissafa wutar da asibiti ke buƙata da tsara ta daban, kuma na biyun ba ya samuwa babu fiziks.

Mu dubi jiharmu. Ga masana'antar siminti a Kalambaina. Ga madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima. Ga Cibiyar Binciken Makamashi a jami'armu, a ƙasar da rana ke dukan ta kusan duk shekara. Ga babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry da aka ƙaddamar da aikin gina ta a 2024. Kowane ɗaya yana neman injiniyan gini, na lantarki, na inji ko na sinadarai. In muka ci gaba da tafa wa yaranmu suna gudun lissafi, su ne za su riƙe tuta a bakin hanya da shebur a hannu, wasu na riƙe da zanen aikin. Sannan mu dawo muna kukan an mayar da mu saniyar ware. Wa ya ware mu?

An ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a jihar nan tun 2015. Ya kamata a ce zuwa yanzu duk makarantar da ke da ajin kimiyya, daga birni har Isa da Tangaza, tana da malamin fiziks da na lissafi mai zurfi, da ɗakin gwaji mai aiki. Kwalejojin fasaha irin na Farfaru da Runjin Sambo a daina kallon su a matsayin matattarar waɗanda suka rasa gurbi, tunda takardar NABTEB, wato jarrabawar kammala irin waɗannan kwalejoji, tana kai ɗalibi kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi har ma jami'a. Kuma kada shugaban makaranta ya sake raba yara aji-aji sai ya kira iyayensu, ya ɗora musu sharuɗɗan JAMB a gabansu, sun ga kwasa-kwasan da kowane zaɓi zai hana ɗansu ko 'yarsu.