"Da an yaye shi a kawo mani ɗana": ina muka samo wannan?

A Katsina da wuya a yi sati ba a ji rigimar riƙon yara ba, ko a zauren mai unguwa ko ofishin Hisba ko gaban alƙali. Mace ko idda ba ta gama ba tsohon miji ya aiko ƙanwarshi da saƙo, wai da an yaye yaron a kawo mashi abinshi, kuma har cikin ranshi gani yake shari'a ce ta ba shi. To ba ita ba ce wallahi, al'ada ce kawai muka gada.

Mu nan mazhabar Malikiyya muke bi, da ita kotunan shari'a ke hukunci, kuma maganar a fili take cikin Risala da ake karantawa a zaurukanmu: uwa ce ke da haƙƙin reno, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta sake aure ma ba wai kai tsaye yaro zai koma hannun uba ba, kaka ta wajen uwa ce ke gaba, bayanta ƴar'uwar uwa. Kai, ko Sayyidina Umar da kanshi, kamar yadda labarin ya zo a Muwaɗɗa, littafin hadisi na Imamu Malik, ya ga ɗanshi Asim yana wasa a Ƙuba ya ɗauke shi, kakar yaron ta wajen uwa ta tsaya, aka je gaban Sayyidina Abubakar ya ce a bar mata shi, Umar bai ƙara cewa uffan ba. Waye a cikinmu ya kai Umar?

Abin da ke ci mani rai shi ne da yawa masu ƙwace yaran nan ba don kewa suke yi ba, gudun ciyarwa ne. Yana ganin in ya bar yaro wurin uwa to duk wata sai ya tura kuɗin abinci da na asibiti da na makaranta, kuma wai ita za ta ci, gara ya karɓe. Ya karɓe ɗin fa? Shi ya fita kasuwa tun da safe sai bayan isha'i, yarinya ƴar shekara uku tana hannun matar uba da ke fama da nata goyon, ko an kai ta wurin tsohuwa wadda ita kanta neman mai kula da ita take, kitso ya kwance ba mai tsefewa, zazzaɓi ya kwana biyu ba wanda ya taɓa goshinta. Ban ce duk matan uba mugaye ba ne, akwai masu riƙo tsakani da Allah, amma me ya yi zafi alhali uwar na da rai tana nan Sabuwar Unguwa tana kuka?

Sai dai ku ma iyaye mata akwai taku. Uba ya zo ƙofar gida da ledar kayan sallah a ce mashi yaro yana barci, gobe a ce ya tafi islamiyya, a toshe lambarshi, a zauna ana faɗa wa yaro ubanka kaza ubanka kaza. Wannan ma zalunci ne. Aya ta 233 a Baƙara duka biyun ta haɗa, kada a cutar da uwa saboda ɗanta, kada a cutar da uba saboda ɗanshi. Malamai sun ce uba na da haƙƙin duba yaronshi, ya lura da tarbiyyarshi, ya sa shi makaranta, kwana ne dai wurin uwa.

Za a ce to ai uba ne mai dangantaka, sunanshi yaro ke amsawa. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya karɓe mashi wannan, shi ne waliyyi, shi zai aurar. Reno daban walicci daban.

Ni abin da nake so in gani shi ne waliyyan da suka zauna ranar ɗaurin aure su sake zama ranar rabuwa, a rubuta a takarda da shaidu: nawa uba zai riƙa bayarwa duk wata, wace rana zai zo ko a kai mashi yara, ina za su yi ƙaramar sallah ina za su yi babba, hutun makaranta fa, har kuɗin Keke Napep a faɗi wa zai biya. In uba na Funtuwa uwa na Daura a sa lokacin waya. Wanda ya saɓa a kai takardar gaban alƙali.