Ku bar FreeBSD ta huta kan maganar sendmail

Wai har yanzu akwai masu ƙorafin cewa FreeBSD, tsarin aikin kwamfuta, ta tafka kuskure da ta sauke sendmail, tsohuwar manhajar isar da imel, ta ɗora wata ƙarama mai suna dma a siga ta 14.0, wadda ta fito a Nuwamban 2023. Jiya ma wani ya tsare ni da wannan zance, wai an raina tarihi. Haba jama'a!

Sabuwar na'ura da aka girka wa tsarin aiki tsurarsa, me take nema a wajen manhajar wasiƙa? Abu ɗaya tak. In cron, mai gudanar da ayyuka a kan lokaci, ya gama aikin dare, ko periodic, mai binciken yau da kullum, ya haɗa rahoton tsaro, a samu mai ɗaukar saƙon ya kai wa mai kula da na'urar. Wannan dma na yi: ta ajiye a akwatin root, wato asusun mai kula da na'urar, ko ta miƙa wa wata saba, kuma ba ta buɗe tashar 25, ƙofar karɓar imel, tana jiran baƙi. Ba a ɗauko tirela don kai buhun gero ɗaya gida.

Suna cewa sendmail ta daɗe tana aiki. Gaskiya ne, Eric Allman da ya rubuta ta ya yi wa duniya hidima tun farkon shekarun 1980, ba mai musun wannan. Amma duk wanda ya taɓa buɗe fayil ɗin saitinta, sendmail.cf, ya san ciwon kan da ke ciki, sai ka bi ta wata manhaja mai suna m4 kafin ka gyara layi guda. Tsutsar Morris, muguwar manhajar da ta bazu a intanet a 1988, ita ma sendmail na cikin ƙofofin da ta bi. Don me za a ɗora wa mutumin da rumbun bayanai kawai yake son kafawa wannan kaya?

Wasu kuma su ce ai cikin na'urar kaɗai sendmail take sauraro. To me ya sa za a bar ta tana gudana dare da rana ba aikin fari ba na baƙi?

Masu cewa a sa Exim ko wata babbar manhajar wasiƙa, matsalar ɗaya ce. A 2019 kamfanin Qualys ya bankaɗo wata kafa a Exim, a 2020 hukumar NSA ta Amurka ta yi gargaɗin cewa ƙungiyar Sandworm na kutse ta wannan kafar, a 2021 aka sake fito da lahani 21 lokaci guda. Abin da ba ka buƙata, kada ya zo maka a kunne.

Kuma fa ba a goge sendmail ba. Tana nan, ka gyara fayil ɗin mailer.conf ka dawo da abarka. A sauran tsarukan aiki ma, Fedora ta daina girka ta kai tsaye tun 2013, OpenBSD ta koma OpenSMTPD a 2014, duniya ba ta tashi ba.

Ni abin da ya fi damuna ma shi ne isar saƙon. Tun Fabrairun 2024 Gmail ta tsaurara, wasiƙar da ba ta da SPF ko DKIM, shaidar tantance mai aikawa, sai ta dawo ko ta faɗa cikin tarkace, ga kamfanonin hayar saba da dama sun toshe tashar 25. Don Allah ku sa SMARTHOST, wato sabar da za ta tura muku wasiƙa, a dma.conf, ku juya wasiƙar root zuwa adireshin da kuke dubawa.