Kalmar farmakeya ba ta haramta maganin asibiti ba

Tun lokacin korona wata magana ke yawo tsakanin wasu Kiristoci, har yau ta ƙi mutuwa. Wai kalmar Girkanci da aka fassara da sihiri a Galatiyawa 5:20 da Wahayin Yahaya 18:23 ita ce farmakeya, daga gare ta kuma Turawa suka samo sunan kantin magani, saboda haka allurar rigakafi da ƙwayoyin asibiti sihiri ne. Batun asalin kalmar gaskiya ne. Hukuncin da aka ɗora a kai ne bai zauna ba.

A wurin Girkawa, farmakon, wato tushen kalmar farmakeya, na nufin maganin warkarwa, yana nufin guba, yana kuma nufin haɗin da boka ke yi. Wurin da kalmar ta faɗo shi ke nuna wanne ake nufi. Mu ma haka muke da "magani": wanda ya sha maganin zazzaɓi daban, wanda aka ce an yi masa magani ya bar gari daban, ba Bahaushen da zai rikita su.

A Galatiyawa 5:20, Manzo Bulus ya jera farmakeya daf da bautar gumaka, wato tsafi da sammu yake nufi. Tsohuwar fassarar Girkanci ta Fitowa 7:11 ma da kalma mai wannan tushe ta kira matsafan Fir'auna. Kuma Bulus ɗin nan shi ya kira Luka ƙaunataccen likita a Kolosiyawa 4:14, ya kuma shawarci Timoti ya riƙa shan ruwan inabi kaɗan saboda ciwon cikinsa.